Gilashin da Na Shanya a Rana

Duk shekara sai an turo mini ku, uku ko huɗu, da takardunku na jami'a da fararen riguna masu karin guga, a ce Baba Gado ya koya muku duba da madubi mai haske, na ganin ƙwayoyin cuta, kafin ku shiga bincikenku. Kuma duk shekara sai an sami wanda zai leƙa sau ɗaya, ya ga ƙwayoyin tarin fuka suna ƙyalli kore-kore a cikin duhu, ya ɗago kai ya ce wannan ai ko makaho ya gani. Bana ma an faɗa. Ba zan kama suna ba, mai maganar ya san kansa, ga shi can yana sosa ƙeya. Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi haka, da furfurata a gemu kuwa. Ku jawo kujeru, aikin yau ya ƙare, in gaya muku yadda na koyi wannan sana'a sau biyu.

Koyon farko a hannun marigayi Mushe Dari na yi shi, a nan Dogon Dutsi, lokacin labo ɗinmu, wurin gwajin nan, ɗaki ɗaya ne da tebur da taga. Wata huɗu bai bar ni na sa ido a madubi ba. Aikina wanke lam, waɗannan ƴan gilasan da ake shafa kakin mara lafiya a kai, in goge su, in ɗaga sama ya duba. In ya ga tabon yatsa a guda ɗaya sai ya mayar da su duka cikin ruwa, ko magana ba ya yi. Daga nan ya koya mini rinin da, na ja da shuɗi. Ka zuba jan rini, ka kunna auduga a bakin waya ka bi ƙarƙashin lam har tururi ya tashi amma kada ya tafasa, ka wanke, ka bi da shuɗi. Ƙwayar sai ta fito ja, siririya, kuma sai ka bi fili ɗari na lam ɗin a madubi ɗaya bayan ɗaya kafin ka ce babu. Madubinsa ba shi da fitila. Wani ɗan madubin fuska ne a ƙasansa, kana juya shi ya kamo hasken taga ya harbo sama, ranar da hadari ya rufe kuwa mun huta ke nan. Don haka rana ce babbar abokiyar aikinmu. Ita ke haska mana, ita ke busar mana da lam in mun gama rini, a jere a kan dakalin tagar nan ta yamma. Shekara ashirin da ƴan kai hannuna yana wannan tafiya, daga kwanon wanki zuwa taga, ko tunani ba na yi.

Kada ku ɗauka wahalar sana'ar a madubi take farawa. A bakin ƙofa take farawa, wurin karɓar kaki. Mutum ya taso daga Sukukutane cikin rairayi, ka ba shi ɗan gwangwanin roba, ya zagaya baya ya dawo maka da yawu zalla. Sai ka fita da shi gindin dogon yaro ka nuna masa da kanka: ja numfashi, riƙe, sake ja, tono daga ƙirji. Tarin ƙaryar da na yi a gindin itacen nan ba ya ƙirguwa. Tsofaffin mata ba su yarda su yi kaki gaban namiji, sai ka juya baya ka yi kamar kana neman wani abu a aljihu. Ga matasan ƴan kasuwa masu son sakamako yanzu-yanzu, suna duban agogo suna tuna maka lokacin salla, kamar kai ba ka yi. Ga waɗanda suka dawo cin rani daga bakin teku da tari a ƙirji. Da yawa kuma ba su isowa wurinmu sai sun gama zagaye, an ce musu aljana doguwa ce, an yi turare an yi yanka. Ban taɓa yi wa kowa dariya kan wannan ba, don na ga yadda tarin wata uku ke mayar da ƙato.

Sabon madubin ya zo a cikin kwali a bayan mota, aka ce in je Yamai kwana biyar in koyi aiki da shi. Na je ina hura hanci, don duk ajin na girme su, har da mai koyarwar. Abin da aka nuna mana shi ne wanda na nuna muku makon nan. Rinin rawaya ne, oramin, ba a sa masa wuta. Ka zuba ya yi minti ashirin, ka ɗauraye, ka zuba ruwan asid da alkol ya cire rinin daga komai ban da ƙwayar, ka sake ɗaurayewa, ka bi da rini mai duhu don fili ya yi baƙi. In ka kunna fitilar madubin, shuɗin haske ya bugi lam, sai ƙwayar da ta sha rini ta mayar maka da haske kore mai rawaya-rawaya. Ba ɗiga mai a kan lam kamar na da, ba fili ɗari. Layi guda za ka bi, cikin minti biyu ka gama abin da a da ke cin goma. Mai koyarwar ta ce rinin nan ba ya shiri da haske, a ɓoye kwalba, a ɓoye lam, a karanta ranar da aka rina. Na rubuta da hannuna a littafina, har na ja layi a ƙasa. Da na dawo na naɗe kwalbar da baƙar leda na sa a kabad, na rataya labule mai kauri a kusurwar da madubin yake. Na ce wa Majo, shugabanmu, wannan aiki ai wasan yara ne.

Abin da ya fara ba ni wuya shi ne, ba ƙwaya kaɗai ke ƙyalli ba. Zaren auduga yana yi, ɗigon rinin da ba a tace ba yana yi, har ɓurɓushin abincin da ya biyo kaki. Ƙwayar gaske siririya ce, ta ɗan lanƙwasa, wani lokaci da ɗigo-ɗigo a jikinta, sai ka ƙara girman gani ka tabbatar. Duk hankalina can ya tafi, kada in ce akwai alhali babu, in ɗora wa bawan Allah maganin wata shida a banza. Ban taɓa kawowa a raina cewa zan ce babu alhali akwai ba.

Nomau ya zo ranar kasuwa, cikin bazara, a amalanken jaki daga wani ƙauye bayan Dogon Kiriya. Manomi ne, dogo, bai wuce shekara arba'in ba, rigarsa ta yi masa yawa. Ba sai na koya masa tari ba. Da ya miƙo gwangwanin bai tafi ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Likita, ka duba min da kyau," ya ce. "Gida sun ware min kwano, sun hidda min tabarma zaure. Ɗiyana ba su zakuwa inda nike. In shi na, a hwaɗa min in sani."

Al'adar ƙauyukanmu ke nan, mai dogon tari ana ware masa kwano da wurin kwana. Kwano ba ya ɗaukar wannan ciwo, numfashi ne a rufaffen ɗaki, amma fitar da tabarma zaure kam dabara ce mai kyau, kakanninmu ba su yi wauta ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, madubin da ke hannunmu yanzu sabo ne, ba abin da ke ɓuya masa.

Na rina lam ɗin ranar kafin azahar, na jera su a dakalin taga su bushe, na tafi salla. Na dawo wuta ta ɗauke, muka zauna jira. Sai wajen la'asar na sami zama gaban madubi, ranar bazara ta yi awa uku a kansu. Na bi lam ɗin Nomau, baƙi ƙirin. Na sake bi don ya roƙe ni, ban ga komai ba. Ya kwana gidan wani ɗan'uwansa a gari, da safe ya kawo kaki na biyu, shi ma ya bi ta taga. Na rubuta negatif, na buga hatimi, na sa hannu. Ya karɓi takardar da hannu biyu.

"Ke nan ba shi na ba?"

"Ba shi ba ne," na ce. "Je ka a ba ka maganin tari."

"Alhamdu lillahi. Yau ɗaki zan kwana."

Ku lura da abin da na faɗa masa. Da na ce ba mu gani ba, in tari bai tsaya ba ka dawo, da maganar ta bar masa ƙofa. Amma na yarda da sabon madubina da tsohon idona, na yanke masa magana.

Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma tana tafiya ban san muguwa ba ce. Masu ƙwaya da yawa a ƙirji ina kama su, don ko rana ta ci rinin, sai wani abu ya rage a gani. Lam ɗin gwaji ma, wanda muke rinawa don tabbatar da rini na aiki, cike yake maƙil da ƙwaya, kullum yana ƙyalli yana ba ni gaskiya. Masu ƙwaya kaɗan ne ke wucewa ta hannuna, wato waɗanda suka yi hankali suka zo da wuri. Masu ciwon da muke kamawa suka ragu, har Majo ya fara murna a taro yana cewa tarin fuka na ja da baya a Arewa. Ni ma na yi murna, ban ɓoye muku ba.

Bayan kaka aka turo mini ɗalibai uku irinku. Cikinsu akwai Rakiya, ɗiyar garin Kore Mairuwa, ta gama karatun halittu, tana bincike kan yawan ƙwayar da ake gani da sabon madubi. Ba ta da yawan magana. Na lura tana kife kwanon silba a kan lam ɗinta in ta gama rini, na ce ko ƙuda take wa rowa, sauran biyun suka yi dariya. Su kam sun bi ni sau da ƙafa, nasu a taga kusa da nawa.

Wata rana bayan azahar ta zo da lam biyu a tafin hannu, ba lamba a jikinsu, ta ɗan rusuna.

"Baba Gado, ka taimake ni da lam biyun ga. Idona ya gaji, ban yarda da abin da nike gani ba."

Na ji daɗi, ban ƙi a nemi idona ba. Na farko na sa, kafin in kai rabin layi na ƙirga ƙwaya bakwai, masu kyau, ba gardama. Na ce pozitif. Na biyu na bi shi daga wannan baki zuwa wancan, duhu kawai. Na ce negatif, har na ƙara da cewa aikin bai kai a gaji ba.

Ta saukar da idonta ƙasa. Sannan ta ce, "Duk daga gwangwani guda na, Baba. Tare na rina su. Wanga na aje ƙarƙashin kwano, wancan na aje taga tare da naka."

Na jawo littafina na Yamai daga cikin durowa, na buɗe, ga maganar nan da rubutuna, ga layin da na ja. Kwalba na ɓoye, madubi na rufe masa labule, amma lam ɗin da ake yin komai dominsa na kai wa rana da hannuna kusan shekara guda. Na tambaye ta tun yaushe ta gane.

"Sati biyu ke nan. Na rasa ta inda zan soma. Kai ka haihe ni."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, amma na gode mata a nan take, gaban sauran biyun. Da ta fito ta ce na yi kuskure, wataƙila da na yi gardama, na san halina. Sai ta sa idona ya ba da shaida a kaina.

Sa'armu ɗaya, ba ma zubar da lam. Kowanne da lambarsa a cikin akwati, don masu zuwa sake dubawa, kuma lam ɗin da ya dushe yana karɓar sabon rini. Muka sauko da akwatunan shekarar, duk wanda na rubuta wa negatif muka sake rinawa, ya bushe a cikin kwali, ni in karanta, Rakiya ta karanta ba tare da ta san abin da na ce ba. Mun yi sati uku a kai. Mafi yawansu babu ɗin ne da gaske. Amma lokaci-lokaci sai wani ya haska, kuma kowace lamba da sunan mutum da garinsu a rajista. Lam biyun Nomau duk sun haska.

Majo ya ce a rubuta cewa matsalar rini ce, a aika a kira mutanen a ce an sami sabon gwaji. Tausayina yake ji, na sani, saura ƴan shekaru in yi ritaya. Na ce ya rubuta wa na sama abin da ya faru, ɗaliban da za a turo gaba suna buƙatar gaskiyar. Na kusa da gari aka aika musu. Na nesa kuwa na ce ni zan je, don mutumin da ke riƙe da takarda mai hatimi ba zai taso ba don saƙon baki.

Mun isa ƙauyen su Nomau da hantsi, ni da Rakiya, bayan motar ta kafe a rairayi sau biyu. Rumbunan maƙwabta cike da hatsi, nasa bai kai rabi ba, don tun noman farko ya faɗi. Ba a zaure muka same shi ba. Yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hajo, ita ke jinyarsa tun damina, ƙofa a rufe da asabari don kada sanyi ya shiga. Ya rame har sai da na dubi fuskarsa sau biyu. Tsohuwar ta shimfiɗa mana tabarma, tana gaishe mu tana tari ƙasa-ƙasa, ni da Rakiya muka dubi juna.

Na ce a fito da shi inuwa. Ƴan gidan suka taru. Na ce ni ne na duba shi da bazara, na ce babu, kuma akwai. Na ce ba laifin madubi ba ne, ba laifin kakinsa ba ne, ni na shanya gilashin a rana alhali an hana ni.

Wani ƙanensa ya ce, "Da munka ce a koma likita, takardarka ya hiddo muna. Sai munka ce iska na. Akuya biyu munka yanka."

Nomau ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar, a naɗe cikin leda, ta yi laushi don yawan buɗewa. Ya daɗe yana dubanta.

"Wagga ita ta maido ni cikin mutane," ya ce. "Kowa na gwada ma ita." Sai ya miƙo mini. "Tunda ka zaka da ƙahwarka ka hwaɗi, shi ke nan. Yanzu mi za a yi?"

Muka karɓi kakin duk mai tari a gidan, yaran kuma muka ce a kawo su a duba. Allah ya tsare yaran. Inna Hajo ce lam ɗinta ya haska, ya fi na ɗanta ma. Aka ɗora su duka biyu kan magani, Nomau ya fara tashi cikin wata guda. Ita kuwa jiki ya riga ya tsufa, ta rasu cikin wata na biyu. Mutane sun ce mini kwananta ne ya ƙare, haka ne kuwa, amma na san abin da ya mayar da ɗanta cikin ɗakinta. Wannan abu yana cina har yau.

Tagar nan ta yamma ni na sa aka toshe dakalinta da siminti. Kwalin da kuke busar da lam a ciki, da ƙa'idar cewa mutum biyu ke karanta duk lam ɗin da aka yi shakka, da lam ɗin gwaji mai ƙwaya kaɗan da nake sa ku rina kowace safiya, duk daga shekarar nan suka fito. Kuma in kun lura, ba na barin kowa ya ce wa mara lafiya babu. Ba mu gani ba ake cewa, in tari bai tsaya ba ka dawo.

Nomau ya zo gwajin ƙarshe bayan wata shida, da ƙafarsa daga tasha, ya yi ƙiba har rigar ta zauna masa. Rakiya na nan lokacin, tana harhaɗa bincikenta. Ya miƙo gwangwani, ya nemi inuwa ya zauna.

"Likita, ba ni gaggawa yau," ya ce. "Ko gobe ta, ina nan."

Na rina, na busar a kwali, na karanta a kan lokaci. Layi uku na bi maimakon ɗaya, babu komai. Na ba Rakiya, ita ma ba ta gani ba. Na rubuta, na buga hatimi, na sa hannu, na fita na kai masa da kaina, na ce ya warke. Ya karɓa ya juya takardar, ko da yake ba ya karatu. Ya sa yatsa a kan sa hannuna, sannan ya leƙa cikin labo.

"Ɗiyar nan ta duba?"

"Ta duba."

Ya miƙo mini takardar. "To, kai mata ta sa nata hannun ita ma."

Na karɓa na koma ciki na kai mata, na tsaya a gefe har ta sa.